Likitan Iyali, Kwamfuta da Tarihin Lafiyar Gidajen Gwammaja

Likitancin iyali, wato reshen aikin likita da ke kula da mutum tun daga goyo har zuwa tsufa ba tare da ware mace ko namiji ko wata cuta ta musamman ba, ya dogara ne a kan sanin marar lafiya na tsawon lokaci, da sanin gidan da ya fito, da abin da ya taɓa samunsa shi da iyayensa. Likitan ƙashi yana iya ɗora karaya ya sallami mai ita bayan ta kama, kuma aikinsa ya cika ko da ba su sake haɗuwa ba. Amma likitan da ya ga mai hawan jini sau ɗaya tak, bai san maganin da aka ba shi bara ba, bai kuma san ko zai dawo wata mai zuwa ba, iyakacin abin da ya yi shi ne ɗage matsalar zuwa wani lokaci. Barbara Starfield, malamar Jami'ar Johns Hopkins ta Amurka wadda ta rasu a 2011, ta shafe shekaru tana nuna cewa kiwon lafiya a matakin farko yana tsayuwa ne idan ya zama ƙofar da marar lafiya ke fara ƙwanƙwasawa, ya ɗore tare da shi, ya ɗauki yawancin buƙatunsa, sannan ya haɗa shi da ƙwararru idan abin ya fi ƙarfinsa. Ɗorewa da haɗawa ba sa yiwuwa sai da ajiyayyen bayani da za a samu a lokacin da ake buƙatarsa, kuma a nan ne fasahar bayanai, wato amfani da kwamfuta da wayar salula da intanet wajen tattara bayani da adana shi da aika shi, take da gurbi na gaskiya.

Unguwar Gwammaja wuri ne da ya dace a auna wannan magana a kansa. Ita ce mazaunin Ƙaramar Hukumar Dala, wadda ƙidayar 2006 ta nuna tana da mutum sama da 400,000, kuma ba za a ce tana nesa da asibiti ba: Asibitin Ƙashi na Dala, wanda aka buɗe a 1959, yana maƙwabtaka da ita, Asibitin Murtala da Asibitin Yara na Hasiya Bayero tafiyar a-daidaita-sahu ce, Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, wanda aka kafa a 1988 kuma yake da sashen da ke horar da likitocin iyali, yana can titin Zariya, ga ƙananan asibitocin gwamnati da na kuɗi, ga kemis a kusan kowane layi. Matsalar ita ce gida ɗaya yana iya bin duk waɗannan ƙofofi cikin shekara guda, uwar gida ta yi awo a nan, a kai yaro mai zazzaɓi can, maigida ya sayi maganin hawan jininsa a kemis da tsohuwar takarda, kaka ta je a duba mata gwiwa a Dala, kowane wuri ya yanki katinsa ya buɗe fayil ɗinsa, babu kuma wanda ya san abin da ɗan uwansa ya rubuta. Tarihin lafiyar gidan, idan har yana nan, yana cikin ledar da aka cusa katuna da takardun gwaji da kwalayen magani, ko kuma a kan uwar gida, wadda ita ce ke tuna wane yaro ne wata allura ta taɓa sa wa ƙaiƙayi.

Wannan warwatsewar bayani tana jawo asarar kuɗi, wani lokaci har da ta rai. Gwajin da aka yi watan jiya sai a sake shi domin takardar tana wani asibitin, alhali kuɗinsa daga cefane aka tsakuro shi. Tsohuwar da ke fama da gwiwa ana iya rubuta mata magungunan kashe zafi irin su diclofenac ta yi watanni tana sha, mai rubutawar bai san tana da hawan jini ko ƙodarta ta fara rauni ba, ga shi kuwa irin waɗannan magunguna suna ƙara hawan jini, suna kuma taɓa ƙoda. Matar da ta yi jijjiga ko zubar jini mai yawa a haihuwar fari tana cikin waɗanda ya kamata a sa wa ido tun farkon ciki na biyu, amma idan ta sauya wurin awo, kunya ko mantuwa kuma ta hana ta faɗa, sai a ɗauke ta kamar kowa. Yaro mai sikila kuwa yana buƙatar a san sau nawa aka ƙara masa jini da kuma yawan jininsa a lokacin da yake ƙalau, domin da wannan ake gane ko faɗuwar yau ta kai a tsorata.

Kano ba baƙuwar fasahar bayanai ba ce a harkar lafiya, kuma yaƙi da cutar shan-inna ne ya fi shigo da ita. Bayan dakatar da rigakafin a 2003 saboda zargin an gurɓata shi, da kuma dawo da shi a watan Yulin 2004, an shafe shekaru ana zagaye gida-gida amma ana tsallake unguwanni da rugage, domin taswirar da ma'aikata ke bi da hannu aka zana ta. Daga wajajen 2012 aka koma amfani da hotunan tauraron ɗan'adam wajen zana taswirar mazaɓu, aka kuma riƙa ba ayarin masu rigakafi wayoyin da ke nuna duk inda suka taka, ta yadda za a iya ganin layin da aka shiga da wanda aka bari. Ƙungiyar eHealth Africa, wadda aka kafa a 2009, tana cikin waɗanda suka riƙe wannan aiki. Yaro na ƙarshe da ƙwayar shan-inna ta asali ta kama a jihar an same shi a Sumaila a watan Yulin 2014, kuma a watan Agustan 2020 aka ayyana cewa nahiyar Afirka ta rabu da ita. Sarakuna da masu unguwanni da malamai da matan da suka sha rana suna shiga gidaje su suka ɗauki mafi nauyin aikin, amma fasahar ta toshe wata kafa da ta daɗe a buɗe. Haka nan alƙaluman da asibitoci ke tarawa duk wata suna shiga manhajar DHIS2, wadda Jami'ar Oslo ke jagorantar gina ta, rahoton cututtuka masu yaɗuwa kuma yana bi ta SORMAS, wadda aka ƙirƙira bayan ɓullar Ebola a 2014.

Sai dai duk waɗannan tsare-tsare sama suke kallo. Ma'aikaciyar ƙaramin asibiti tana cika manyan rijistoci, ta tattara jimilla a ƙarshen wata, jimillar ta wuce ƙaramar hukuma, ta wuce ma'aikatar lafiya ta jiha, ta isa Abuja da ofisoshin masu ba da tallafi, inda za a san yara nawa aka yi wa allura. Amma babu abin da ke dawowa ya gaya mata cewa wance, da ke layi kaza a Gwammaja, ba ta kawo jaririnta allurar mako goma ba. Inda aka gina manhajar da ke bin marar lafiya shi da kansa, kamar a shirin kula da masu cuta mai karya garkuwar jiki, an yi ne domin cuta guda da ke da masu ɗaukar nauyinta daga waje, mai ciwon suga da ke zaune a benci ɗaya da shi kuwa yana nan da katinsa na kwali. Annobar mashaƙo da ta ɓarke a ƙarshen 2022, wadda Kano ta fi kowace jiha jin jiki a kanta, ta fito da wannan giɓi fili, domin yawancin yaran da ta kama ba su kammala rigakafin mako shida da goma da sha huɗu ba, ko ma ba a fara musu ba. Jihar da ta iya sanin layin da ayarin shan-inna ya tsallake ba ta da tsayayyar hanya, wadda ta game dukkan asibitocinta, ta sanin yaron da ya tsallake allurarsa, kuma dalili shi ne ba wannan tambayar aka ɗora wa na'urar tun farko ba.

A nan batun shawara ya shigo. Mai ba da shawara kan fasahar bayanai shi ne wanda ke zama da likita da nas da mai yankar kati da mai ba da magani, ya ga yadda marar lafiya ke tafiya daga bakin ƙofa har ya fita, ya gano inda bayani ke ɓacewa, sannan ya faɗi abin da ya kamata a saya, da abin da bai kamata ba, da wanda zai gyara shi idan ya lalace, da abin da zai riƙa ci kowace shekara bayan an watse daga bikin buɗewa. Sau da yawa mai sayar da kayan ne ke ba da wannan shawara, kuma a nan kuskuren yake farawa. Wanda zai gina bene ba ya barin mai sayar da rodi a kasuwar Ƙofar Ruwa ya ƙayyade masa yawan rodin da ginin zai ci, komai amincinsa, injiniya yake nema wanda ba shi da riba a cinikin. Ƙasashe masu arziki ma sun sha wannan darasi da tsada: Ingila ta ƙaddamar da gagarumin shiri a 2002 na haɗa bayanan marasa lafiya na asibitocinta, aka ba manyan kamfanoni kwangila daga sama, aka rushe shirin a 2011, jimillar abin da ya lashe daga ƙarshe ta kai kusan fam biliyan 10, kuma cikin dalilan da bincike ya nuna har da rashin tuntuɓar ma'aikatan da za su yi aiki da shi. A ƙasar dai, likitocin iyali sun riga manyan asibitoci komawa kwamfuta da shekaru masu yawa, da manhajojin da wasunsu likitocin ne da kansu suka fara tsarawa a shekarun 1980. Kuɗin manhaja ba shi ne babban cikas ba, tun da akwai irin su OpenMRS, wadda ta samo asali a 2004 daga wani shirin lafiya a Eldoret ta ƙasar Kenya kuma kowa na iya ɗauka kyauta ya gyara ta. Abin da ke wuya shi ne samun mutumin da ya san abin da za a gyara, wanda kuma za a same shi a wurin bayan shekara uku.

Abu na farko da mai shawarar da ya san Gwammaja zai tsaya a kai shi ne yadda za a bambanta mutum da mutum, domin rumbun bayanai, wato ma'ajiyar da kwamfuta ke jera bayanan mutane a ciki, ba shi da amfani idan ya haɗa mutum biyu a fayil ɗaya ko ya raba mutum ɗaya gida uku. Manhajojin da aka tsara a Turai da Amurka sun ɗauka kowa yana da sunan zuri'a da ba ya sauyawa, da ranar haihuwa da ya haddace, da lambar gida a kan titi mai suna. A birnin Kano kuwa layi ɗaya yana iya ƙunsar A'isha Muhammad da yawa; mace tana iya yankar kati da sunan mahaifinta kafin aure, ta sake yanka da sunan mijinta bayan aure; wanda aka raɗa wa Abubakar yana iya zama Garba a wani asibiti, Habu a wani, Sadiƙu a makaranta; uwa kuma, saboda alkunya, tana iya ƙin ambaton sunan ɗanta na fari ko na yaron da ya ci sunan surukinta, ta ba da laƙabi, mai yankar kati ya rubuta abin da ya ji. Tsofaffi da yawa suna ƙiyasta shekarunsu ne da wani abin tarihi, kamar rasuwar Sardauna ko zamanin wani sarki. Lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN tana rage wannan ruɗani ga wanda yake da ita, amma ba za a mayar da jariri ko tsohuwa gida domin ba su da lamba ba. Mafita ita ce a tsara manhajar ta karɓi suna da laƙabi da sunan mahaifi da na miji da unguwa da sunan da aka fi sanin gidan da shi, ta riƙe shekarun ƙiyasi a matsayin ƙiyasi, sannan a ba kowane gida lamba guda wadda lambobin mutanen cikinsa ke rataye da ita. Wannan shawara ba ta buƙatar na'ura mai tsada, amma wanda bai taɓa tsayawa a tagar yankar kati ba ba zai kawo ta ba.

Siffar gidan ita ma tana neman gurbi. Gidan gado a cikin birni yana iya ƙunsar kaka da 'ya'yanta maza da matansu, wani da mace biyu ko uku, da jikoki, da ɗan riƙo, alhali manhajar da aka shigo da ita gurbin mata ɗaya gare ta. Likitan iyali yana buƙatar sanin wane yaro ne na wace uwa idan ana bin sawun sikila ko wata cutar gado, musamman inda auren zumunci ya yawaita, yana kuma buƙatar sanin su wa ke kwana ɗaki ɗaya idan aka sami mai tarin fuka ko mashaƙo. Haka kuma tsarin tunatarwa da bai san watan azumi ba zai riƙa aika wa mai ciwon suga saƙon shan magani da tsakar rana, alhali abin da yake buƙata shi ne a kira shi tun cikin Sha'aban a duba ko azumin zai yiwu gare shi, a kuma sake masa lokutan magani tsakanin buɗa-baki da sahur.

Wayar salula ta riga ta shiga kusan kowane gida, don haka ita ce hanya mafi arha ta tunatar da ranar awo ko rigakafi ko karɓar magani. Amma lambar da ke kan katin mace sau da yawa ta mijinta ce ko ta ɗanta ko ta maƙwabciya, kuma ko wayar tata ce, yara suna ɗauka. Saƙon da ya ce a zo asibiti ranar Talata ba ya cutar da kowa, saƙon da ya ambaci sakamakon gwajin ciki ko na ciwon hanta kuwa yana iya tayar da fitinar da za ta kai ga mutuwar aure, saboda haka dole a tambayi marar lafiya, a keɓe, wace lamba za a kira da abin da ya yarda a faɗa ta cikinta. Rubutaccen saƙo da Turanci ba ya isa ga wadda karatunta na allo ne. Gajeren saƙon murya da Hausa, daga bakin ma'aikaciyar da ta sani, ya fi kusa da yadda mutane ke amfani da wayoyinsu. Batun wuta a bayyane yake: duk tsarin da ke tsayawa cak idan an ɗauke wuta ko sabis ya yanke bai dace da ƙaramin asibiti ba, sai wanda ke aiki da sola da batir, yana adana bayani a cikin na'urar har sabis ya dawo, yana kuma iya buga wa marar lafiya taƙaitaccen tarihinsa a takarda ya riƙe.

Amana ta fi duk waɗannan nauyi. Mutanen Kano ba su manta da gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi a lokacin annobar sanƙarau ta 1996 ba, gwajin da ya shafi yara 200, 11 daga cikinsu suka rasu, iyaye kuma suka ce ba a yi musu bayanin abin da ake yi ba. Wannan tabo yana cikin abin da ya ba jita-jitar 2003 ƙarfi. Al'ummar da ta ga haka tana da hujjar tambayar inda ake kai sunayenta da sakamakon jininta. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta wajabta sirranta bayanan marar lafiya da kare su daga wanda ba shi da izini, Dokar Kare Bayanai ta 2023 kuma ta sa bayanin lafiya cikin waɗanda ake tsananta kariya a kansu, ta kuma kafa hukumar da za ta sa ido. Buƙatar ta ƙaru tun da gwamnan Kano ya sa hannu a 2024 kan dokar gwajin lafiya kafin aure, wadda ta ƙunshi gwajin sikila da ciwon hanta da cuta mai karya garkuwar jiki, domin yanzu samari da 'yan mata suna barin sakamako mai iya hana aure a hannun ɗakunan gwaji. A unguwar da mai shigar da bayanai a kwamfuta zai iya zama maƙwabcin amarya ko abokin ango, kalmar sirri guda da dukkan ma'aikata suka sani ba ta kare kowa. Ya kamata kowane ma'aikaci ya shiga da sunansa, ya ga iyakar abin da aikinsa ya shafa, na'urar kuma ta riƙe sunan duk wanda ya buɗe fayil da lokacin da ya buɗe shi. Al'adar ɗaukar hoton takardar gwaji a tura wa babban likita ta WhatsApp tana ceton rai, ba kuma za a daina ta ba, amma hoton yana zama a wayoyin da ake ara ake sayarwa, don haka cikin aikin mai shawara akwai koya wa ma'aikata rufe suna kafin ɗauka da goge hoton bayan an gama.

Akwai kuma wata shawarar da ke shiga gidaje ba da sanin likita ba. A watan Agustan 2014 saƙo ya zagaya ƙasar nan cewa wanka da ruwan gishiri da shan sa na hana kamuwa da Ebola, mutane suka tashi cikin dare suna yi, har aka sami waɗanda suka rasu. A yau masu tallar magani a TikTok da Facebook suna alkawarin raba mutum da ciwon suga da hawan jini kwata-kwata, alhali cututtuka ne da ake lallaɓawa tsawon rayuwa, sai mai ciwo ya ajiye ƙwayoyinsa har shanyewar ɓarin jiki ta same shi. Tun ƙarshen 2022 kuma manhajojin ƙirƙirarriyar basira irin su ChatGPT, waɗanda ke tsara amsa daga tarin rubutun da aka horar da su a kai, sun shiga hannun ɗalibai da ma'aikata, suna amsawa da murya ɗaya ko sun yi daidai ko sun yi kuskure, ba su kuma taɓa jikin mai tambaya ba. Likitan da ya yi wa marar lafiya tsawa don ya ce ya gani a waya ya toshe hanyar sanin abin da mutumin ke sha a ɓoye. Ya fi kyau tambayar abin da aka gani a waya ta shiga cikin tambayoyin yau da kullum, a kuma nuna wa jama'a abin da ke da amfani, kamar lambar da ake kankarewa a jikin kwalin wasu magunguna a tura ta saƙo domin tabbatar da ingancinsu, tsarin da hukumar NAFDAC ta fara a 2010.

Wani haɗarin a cikin ɗakin likita yake. Binciken da aka buga a Amurka a 2016 ya gano cewa duk sa'a ɗaya da likita ya yi da marasa lafiya yana ƙara kusan sa'a biyu a kan kwamfuta da aikin tebur, likitan da layi ke jiransa tun asuba a Kano kuwa ba shi da wannan lokaci. A al'adar da gaisuwa da tambayar iyali ke buɗe bakin marar lafiya, musamman mace ko dattijo da ba sa fara faɗin ainihin abin da ya kawo su, likitan da idonsa ke kan kwamfuta ya yi asarar babban ɓangare na bincikensa. Shafi ɗaya ya wadatar a matsayin mafari, wanda zai nuna cututtukan da mutum ke ɗauke da su, da magungunan da yake sha, da waɗanda jikinsa ba ya karɓa, da awonsa na baya-bayan nan.

Masu cewa asibitin da ba shi da isassun magunguna da ma'aikata, likitoci kuma suna ta ficewa zuwa Saudiyya da Ingila, bai kamata a yi masa zancen kwamfuta ba, suna da gaskiya mai yawa. Na'ura ba ta maye gurbin ungozoma, kuma akwai asibitocin da amsar da ta dace da su a yau ita ce a gyara ɗakin ajiye katuna, a jera su bisa lamba, a jinkirta sayen kwamfuta. Mai shawarar da ba zai iya faɗin haka ba talla yake yi. Amma ƙarancin likitocin ne ma ya sa buƙatar ta yi tsanani, domin idan marar lafiya ba zai sami likita ɗaya da zai riƙe shi shekara goma ba, to lallai ne a sami fayil ɗaya da zai riƙe shi, wanda jami'in lafiya na unguwa da likitan iyali da ke sa ido daga babban asibiti za su riƙa gani tare. Kuɗin farawa ma yana da kafa, tun da dokar 2014 ta kafa asusun kiwon lafiya a matakin farko wanda ake zuba wa aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya, hukumar taimakekeniyar lafiya ta jiha kuma, wato KSCHMA, ita ma tana buƙatar sanin waɗanda ta yi wa rijista da abin da aka yi musu.

Abin da ake buƙata daga Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Kano da hukumar da ke kula da ƙananan asibitoci shi ne su fitar da ƙa'ida guda da za ta sa kowace manhaja da aka saya ta iya musayar bayani da 'yar uwarta, su kuma rubuta a kowace kwangila cewa bayanan haƙƙin marar lafiya ne da asibiti, za a miƙa su cikakku ranar da aka rabu da kamfani. Sashen likitancin iyali na Asibitin Malam Aminu Kano da masu koyar da ilimin kwamfuta a Jami'ar Bayero suna gari ɗaya. Ya kamata su haɗu su horar da matasan da suka san ɓangarorin biyu, a ɗauke su aiki na dindindin, kowanne ya riƙe asibitoci kaɗan, a kuma ɗora musu sharaɗin riƙe sirri irin na ma'aikatan lafiya. Ƙaramar Hukumar Dala mazaɓu 12 gare ta, a cunkushe wuri guda, saboda haka gwaji a cikinta ba zai yi wuya ba. A fara da ƙananan asibitocin da mutanen Gwammaja ke zuwa, da masu hawan jini da masu ciki da yara 'yan ƙasa da shekara biyu, a zauna da masu unguwanni da limamai da ƙungiyoyin mata a yi musu bayani kafin a shigar da sunan kowa, bayan shekara guda a ƙidaya mutum nawa suka dawo a ranar da aka sa musu, a kuma bayyana wa jama'a sakamakon kafin a sayi ko da kwamfuta ɗaya domin wata mazaɓar.